Tsoron Kunce da kuɗin jama'a: gaskiyar mutum ɗaya ta isa?

Duk fadar da aka zauna a Filinge aka ɗauko zancen kuɗin gwamnati, ba a yin nisa sai wani ya ce: "Ai da Kunce na da rai, da ba a yi muna haka ba." Dattawa na faɗi, direbobin tasha na faɗi, har mu da ba mu ga zamaninsa ba mun gaji maganar kamar yadda ake gadon gona. Da zarar an faɗe ta kuwa, gardama ta mutu, sai a koma ga shayi. Ni kuma a ganina nan ne ya kamata gardamar ta fara. Mene ne ra'ayin Seyni Kunce a kan dukiyar ƙasa, da banki, da haƙƙin soja? In ra'ayin nan daidai ne, me ya sa bai yi shekara uku a kabari ba sai babban bankin gwamnati ya rushe, bai yi biyar ba sai sojoji suka fito titi suna neman albashinsu?

Ba don in ɓata sunan mamaci nake tambaya ba. Mutumin nan ɗan yankinmu ne. A Fandu aka haife shi a 1931, cikin ƙasar Tondikandiya, kudu da mu kaɗan. Bazabarme ne, ba Bakurfaye ba, amma gunduma ɗaya muke, kasuwa ɗaya muke ci, kuma fari ɗaya ke kashe mana gero. Ya shiga sojan Faransa yana saurayi, ya je yaƙin Indoshin da na Aljeriya, ya dawo ya hau har ya zama shugaban hafsoshi a 1973. Ranar 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da Diori Hamani, a tsakiyar yunwar da ta cinye dabbobi da mutane, lokacin da kowa ke ƙorafin cewa abincin agaji na ɓacewa a hanya kafin ya iso ƙauye. Daga ranar har mutuwarsa a Paris, 10 ga Nuwamba 1987, shi ne ƙasar.

Ra'ayinsa a kan kuɗin gwamnati ba sai an tono jawabi ba, yana cikin ayyukansa. A wurinsa dukiyar ƙasa amana ce, kuma abin da ke tsare amana shi ne tsoro. Yakan faɗa ma'aikata ba sanarwa, ya ga wa ya zo aiki wa bai zo ba. Wanda aka kama ya taɓa kuɗin hukuma, kaso, ko ɗan wa ne. Ya sa ido a kan rumbunan OPVN don kada a sake kwana da yunwa irin ta 1973. Da kuɗin uraniyom suka shigo, ya sauke wa talaka lanhon kai da ake karɓa tun zamanin Nasara, aka bar ɗan harajin gunduma. Duk wanda ya taɓa jin kakansa na ba da labarin yadda ake shanya mai gida a rana saboda lanho, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin ma'aikata kuma har yau suna cewa a zamaninsa wata na ƙarewa albashi na faɗowa. Na yarda da su. Kuma ban taɓa jin ko maƙiyinsa ya ce ya tara wa kansa gidaje a Turai ba.

To ina matsalar take? Mu bi kuɗin mu gani.

Kamfanin SOMAIR ya fara haƙo uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo a 1978. Farashi ya tashi, baitulmali ya cika irin cikar da bai taɓa yi ba. Aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka gina otal Gaweye da Palais des Congrès a Yamai, aka ɗauki ma'aikata, aka ci bashi a waje bisa zaton cewa gobe za ta fi yau. Sai ga shi daga 1979, bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, kasuwar ta fara sanyi, farashi ya yi ta gangarowa. Zuwa 1983 gwamnati ta je ga asusun ba da lamuni na duniya, FMI. A 1984 fari ya dawo. Babu wanda zai ɗora wa Kunce laifin faɗuwar farashi ko rashin ruwan sama. Amma shawarar a ci bashi, da shawarar wane gini za a fara yi, wa aka tambaya? Majalisa babu, an rushe ta tun 1974. Jarida ta gwamnati ce. Samariya akwai, amma aikinta gayya da tarbar baƙi, ba binciken lissafi ba. Mutum ɗaya ne ke kallon kowa, shi kuma babu mai kallonsa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne banki, kuma nan nake so mu ɗan daɗe, don yawancinmu ba mu san labarin ba.

BDRN, bankin raya Jamhuriyar Nijar, an kafa shi a 1961. Shi ne uban bankuna a ƙasar nan: can gwamnati ke ajiya, can manyan ƴan kasuwa ke karɓar bashi, can ma'aikaci ke da ɗan abin da ya tara. Ku lura, banki ba ya mutuwa don ɓarawo ya fasa ƙofa da dare. Da rana tsaka yake mutuwa, da takarda da sa hannu da hatimi. Wani babban mutum ya zo neman bashi, ba jingina, ko kuma jinginar ba ta kai rabin kuɗin ba. Ma'aikacin banki ya duba ya ga bai dace ba, sai waya ta buga daga sama. Ya sa hannu. Wa'adi ya yi, ba a biya ba, ba kuma mai ƙarfin halin zuwa ƙofar gidan babban mutum da takardar tuni. Sai a sake ba shi wani bashin don ya rufe na farko, littafi ya nuna komai lafiya. Haka ake yi shekara da shekaru, kamar gara cikin azara: daga waje ɗaki tsaye yake, ranar da iska ta kaɗa sai ya zauna a kan masu barci. A 1990 aka rufe BDRN, aka kafa SONIBANK a kan abin da ya saura. Asusun bashin manoma, CNCA, shi ma ya riga ya durƙushe kafin nan. Da aka yi taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, batun waɗanda suka ci bashin BDRN ba su biya ba na cikin abin da aka tona.

Yanzu ku yi lissafi da kanku. Bankin da aka rufe a 1990, yaushe ya fara ruɓa? Ba a shekara biyu da ƴan watannin da suka biyo bayan mutuwar Kunce kaɗai ba. Ruɓar ta fara ne lokacin da ake rawar jiki in an ji motarsa ta tsaya a ƙofar ma'aikata. Wannan shi ne abin da masu cewa "da yana da rai" ba sa son ji. Tsoro ƙasa yake kallo. Yana ganin magatakardan da ya makara da minti goma, yana ganin mai awon hatsi da ya rage tiya ɗaya, amma ba ya ganin wanda ke zaune kusa da mai ba da tsoron. Misali ba sai an je nesa ba: Amadu Umaru, wanda aka fi sani da Bonkano, na hannun damansa ne a harkar tsaro, ya yi dukiyar da duk Yamai ta san da ita, kuma shi ne a watan Oktoba 1983, Kunce na taro a Faransa, ya yi yunƙurin kifar da shi, da abin ya ƙi ya tsere. Mutumin da ake cewa ba a iya ɓoye masa dala ɗaya, ga abin da ya girma a inuwarsa.

Wani zai ce, to ai ko Annabawa an ci amanarsu, wannan ba laifin mai gaskiya ba ne. Na yarda ba laifin zuciyarsa ba ne. Laifin ra'ayinsa ne. Wanda ya ce "ku bar mini, ni zan tsare muku," ko da gaskiya yake faɗi, ya ɗauki alkawarin da ɗan Adam ba ya iya cikawa, don ido biyu gare shi, yana barci, yana ciwo, yana da aminai, kuma zai mutu. Ya kuma hana mutane koyon tsaron kayansu da kansu. Shekara goma sha uku ana koya wa ƙasa cewa tambaya rashin kunya ce. Da mai gadin ya tafi, sai aka tarar ba wanda ya san inda makulli yake, ba kuma wanda ya saba tambaya.

Abin da ya biyo baya ya shafe mu kai tsaye, mu ƴan lakwal. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Shaibu, ɗalibai suka taso daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy don nuna ƙin tsuke bakin aljihun da ya faɗo kan ilimi. Aka buɗe musu wuta, uku suka mutu bisa ƙidayar hukuma. Har yau USN na tuna ranar. Shekara biyu bayan haka, ƙarshen Fabrairu 1992, sai ga ƙananan sojoji sun kama gidan rediyo, sun tsare André Salifou, shugaban majalisar riƙon ƙwarya, da ministan cikin gida, cikin buƙatunsu har da bashin albashi. A 1994, ranar 12 ga Janairu, aka karya darajar sefa da rabi, wanda ke da jikka goma ya wayi gari ƙarfinta a kan kayan waje ya koma na biyar. Malamai da ma'aikatan asibiti suka yi wata da watanni ba albashi. A 2002 sojojin Difa suka sake tayarwa, nan ma zancen kuɗi da halin zaman bariki ne.

Ga tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. In baitulmali ba ya isar kowa, wa za a fara biya? Ɗalibi ya nemi haƙƙinsa, aka amsa masa da harsashi. Soja ya nemi nasa, aka zauna aka saurare shi. Duk su biyun talakawa ne, watakila ma uwa ɗaya uba ɗaya. Bambancin kawai abin da ke rataye a kafaɗar ɗayan. In ƙasa ta saba biyan wanda take tsoro kafin wanda take bin bashi, to ta koya wa kowa cewa hanyar samun haƙƙi ita ce a zama abin tsoro. Ra'ayin nan na cewa tsoro ke gyara al'amari, shi ne ya juyo ya kama gwamnati da kanta.

Amma kada wani ya ɗauka ina cewa soja bai cancanci a fara da shi ba. Mu Kurfayawa ba mu da bakin faɗin haka. Ƙasar nan ta daɗe tana ba da ɗiyanta ga kaki. Gida nawa ne a Filinge, ko Cikal, ko Tukunus, da ba su da soja ko jandarma ko gardi? Albashin soja a nan ba lamba ba ce cikin takarda. Shi ne buhun geron da ke isowa a watan bakwai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne kuɗin maganin tsohuwa, shi ne littafi da alƙalamin ƙanensa, watakila ma kai mai karanta wannan da shi aka biya maka fotokofi. Mutumin da aka ce ya je ya kwana a iyakar Mali don mu yi barci, in aka jinkirta masa haƙƙinsa ko kwana ɗaya, an zalunce shi zalunci mai muni. Wannan ba abin gardama ba ne.

Dangantakarmu da kaki ma tsohuwa ce kuma mai sarƙaƙiya. A nan Kurfai, wajen 1925, a Cikal, aka fara abin nan da ake kira Hauka ko Babule, ta hannun wata mata mai suna Cibo: iskoki masu kwaikwayon sojan Nasara, da faretinsu da muƙamansu, a daidai lokacin da mutane ke ƙin lanho da aikin tilas da sarautar Gado Namalaya da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Kwamandan Yamai ya sa aka kama su aka kulle. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kakanninmu da suka so ƙin mai bindiga, sai suka ari rigarsa. Kamar har yau ba mu gama fita daga wannan ba: muna tsoron kaki, muna son kaki, kuma in an ce gyara, kaki muke hange. Wannan dai zance ne na wata rana.

Abin da nake so mu rarrabe shi ne kuɗin tsaro da haƙƙin soja. Ana haɗa su a baki ɗaya, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin Inates, sojoji 71 suka mutu. Wata ɗaya bayan haka, 9 ga Janairu 2020, aka kai na Shinagodar, cikin Banibangu, aka kashe 89. Mutum 160 cikin kwana talatin. Ba a gama zaman makoki ba sai ga binciken ma'aikatar tsaro ya fito: a kwangilolin sayen makamai da kayan soja, kimanin miliyar 76 na sefa sun tafi, wani ta hanyar ƙara farashi, wani kuma an biya kaya ba su taɓa isowa ba. Miliyar 76. Don lambar ta shiga kai: mafi ƙarancin albashi a hukumance yanzu jikka 42 ne a wata, wato dai kuɗin nan sun isa a biya ma'aikata fiye da 150,000 albashin shekara guda cur. Duk kuɗin nan da sunan soja aka fitar da su. A majalisa, wa zai tashi ya ce a rage kuɗin tsaro ana binne ɗiyan mutane? Ba kowa. Da wannan kunyar tamu aka yi amfani. Sunan soja ya zama bargon da aka lulluɓe sata da shi, shi kuwa sojan yana can cikin rami da abin da ya samu.

Shi ya sa in na ji ɗan siyasa ko mai mulki na cewa "za mu ƙara wa tsaro kuɗi," ba na tafi, ba na kuma ƙi. Tambaya nake yi: nawa ne zai isa hannun mai igiya ɗaya? Nawa ne zai isa ga matar da aka bar wa marayu? Sulken da aka ce an saya, wa ya ƙirga shi da ya iso? Mai ƙaunar soja da gaske shi ne mai wannan tambaya. Mai cewa a yi shiru don girmama soja, ko ya sani ko bai sani ba, ɗan kwangila yake karewa.

Yau kuma ga mu da wani ɗan yankin a kan kujera. Janar Abdurahaman Tiani, ɗan Tukunus, garin da aka sani da tashar kiwon shanun Azawak, ya karɓi mulki bayan 26 ga Yuli 2023. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya. CEDEAO da UEMOA suka sa takunkumi, aka toshe kuɗin gwamnati da ke babban bankin BCEAO, Najeriya ta yanke wuta, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira daga kuɗinsa na kansa, layi ya yi tsawo a Yamai. A watan Oktoba aka rage kasafin kuɗin shekarar da kusan kashi 40 cikin 100, daga wajen miliyar 3,290 zuwa wajen 1,980. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Wanda ya ga wannan ba zai ce masu neman a sake fasalin banki da kuɗi mahaukata ba ne. Kuɗin da wani zai iya kulle maka daga Dakar ranar da ya ga dama, akwai alamar tambaya a kan ko naka ne. Gyaran da aka sanar a Abijan a Disamba 2019 ya cire wajabcin ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa, amma sefa na nan ɗaure da yuro, 655,957 kamar yadda ake rubutawa a allon banki. Ƙasashen AES sun sanar da kafa bankinsu na zuba jari, da jarin miliyar 500. Ina fatan alheri, da gaske.

Sai dai BDRN ma namu ne. Ba Bafaranshe ya kashe shi ba. Suna na ƙasa gare shi, tuta ta ƙasa, shugabanni ƴan ƙasa, kuma ƴan ƙasa ne suka cinye shi. Saboda haka in an ce sabon banki ko sabon kuɗi, abin tambaya ba hoton wa za a sa a jikin takardar ba. Wa zai iya ce wa babban mutum "a'a, ba jingina ba bashi," ya kuma kwana a gidansa da aikinsa? Wa zai buga sunayen waɗanda suka ci ba su biya ba? Manomin Dallol Boso da ke neman jikka ɗari na taki da irin wake, zai samu, ko kuwa sai mai ƙafa a Yamai? An kafa BAGRI tun 2011 don manoma. Ku tambayi iyayenku a ƙauye su nawa suka taɓa shiga ƙofarsa. Yawancinsu bankinsu akuya ce da adashi, in za a aiko musu kuɗi kuma ta NITA ko Al Izza.

Gwamnatin yanzu ta kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar da aka sata, ta kafa asusun FSSP da ake cirar ɗan wani abu daga kuɗin waya da tikitin mota ana zubawa, ana kuma sanar da abin da ya shiga. To madalla. Amma a ranar 23 ga Fabrairu 2024 an sa hannu a kan wata doka mai lamba 2024-05 da ta fitar da sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na binciken lissafi da aka saba. Wato dai ƙofar da miliyar 76 suka bi suka fita tun tana da ɗan sakata, yanzu an cire sakatar, an ce mu dogara ga amanar masu tsaron ƙofar. Ban ce an saci ko dala ba. Cewa nake ko an sata ko ba a sata ba, ni da kai ba mu da hanyar sani. Wannan kuwa ra'ayin Kunce ne sak, ya dawo da sabuwar riga.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: "Yaƙi muke, kana so abokin gaba ya san abin da munka saya?" Amsa ce mai nauyi, ba ta wasa ba. Akwai abin da dole a ɓoye: ina rundunar take, yaushe za ta tashi, wace hanya za ta bi, watakila har da irin makamin. Amma farashin takalmin soja ba sirrin yaƙi ba ne. Ko an biya kuɗin mota kuma motar ta iso, ba sirrin yaƙi ba ne. Ana iya samun ƴan mutane kaɗan, alƙalai da masana lissafi da aka rantsar, waɗanda ba mai sayen ne ya naɗa su ba kuma ba zai iya korarsu ba, su duba a ɗaki rufe, su fito su ce daidai ne ko ba daidai ba. Ƙasashe da yawa masu yaƙi haka suke yi. Ɗan ta'addan da ke dajin Abala ba rasidi yake jira ba. Wanda rasidi ke tsorata wani ne dabam, kuma yana cikin gari.

Akwai amsa ta biyu, wadda ba a faɗi da ƙarfi amma ta fi ta farko aiki a zukatanmu: "Namu ne." Ɗan Fandu, ɗan Tukunus, ka tambaye shi lissafi kamar ka tona asirin gida ne a gaban baƙi. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, don tana kama da kunya, tana kama da zumunci, abubuwan da aka tarbiyyantar da mu a kansu. Amma ku dubi iyayenmu mata in suna adashi. Uwar adashi ƴar'uwarsu ce, wani lokaci ma ita ce mafi tsoron Allah a unguwa, amma ranar kwasa a gaban kowa take zazzage kuɗin a kan tabarma, a ƙirga da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ke jin an zarge ta. Ita da kanta za ta ce a ƙirga, don ta kwana da sunanta. Haka bankin hatsi na ƙauye da ya yi ƙarko: mai makulli dabam, mai littafi dabam, mai kuɗi dabam, kuma ana buɗe rumbu a gaban jama'a. Waɗanda aka bar wa mutum ɗaya "don mutumin kirki ne," ku je ku ga rumbunan, awaki ke kwana a ciki. Matan da ba su taɓa zama a aji ba sun gane cewa ƙirga ba zargi ba ne, mu masu BEPC da BAC muna jin nauyin faɗi.

Kuma in mai mulki mai gaskiya ne, ƙirgar shi ta fi yi wa amfani. Da a ce a 1980 akwai wanda ke da ikon buɗe littafin BDRN ya karanta a fili ba tare da ya kwana a kaso ba, da watakila bankin na nan, da ɗaliban gadar Kennedy ba su fita neman abin da aka riga aka cinye ba, da kuma mu masu son Kunce ba mu da abin sunkuyar da kai in an ambaci Bonkano.

Mu ba mu da ikon shiga ma'aikatar tsaro, kuma ba na ce wa kowa ya je ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma akwai kuɗin jama'a da ke kusa da hancinmu. Kowace ranar kasuwa ana yanka wa masu tumaki da masu tabarma tikiti, ana karɓa a tasha, ana karɓa a mahauta. Tun Afrilu 2024 an rushe majalisun gundumomi, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da su, saboda haka ko kansilan da a da za ka tare a bakin masallaci ka tambaya babu shi. Nawa ake tarawa a shekara a kasuwar Filinge? Nawa ya tafi ga rufin aji, nawa ga gyaran famfo, nawa ga man mota? Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu tura mutum uku, mace ɗaya a ciki, su je ofishin magajin gari da takarda a rubuce, cikin ladabi, su nemi a nuna musu kasafin kuɗin bana. In an nuna, mu buga shi a fitowa ta gaba yadda kowa zai gane, da Hausa da Zabarmanci. In an ce su dawo gobe, su koma goben, mu kuma rubuta ranakun da suka je.